Yadda Ake Cin Yaƙi da Magajiya Daurama a Wasan Crusader Kings III

Duk wanda ya buɗe wasan Crusader Kings III a kwamfuta, ya zaɓi farawa daga shekarar 867, zai tarar da Magajiya Daurama ta Daura a cikin 'yan tsirarun sarakunan da aka jera a gaba domin mai wasa ya ɗauka. Kamfanin Paradox da ke birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin ne ya fitar da wasan ranar 1 ga Satumba 2020, kuma zamanin da ke cikinsa yana tafiya har zuwa shekarar 1453, mutum yana riƙe da gidan sarauta guda, idan sarki ya rasu ya ci gaba da magajinsa. Shekarar da aka ɗora wa Daurama zaɓin masu tsara wasan ne, domin tarihin baka na rijiyar Kusugu da zuwan Bayajidda bai zo mana da lissafin shekara ba, amma hakan bai rage daɗin ganin Daura da Kano da Gobir a taswira ɗaya da Bagadaza da Rum ba.

Abin da ya kamata a sani tun kafin a taɓa komai shi ne, a wannan wasan ba ka da iko da abin da ke faruwa a tsakiyar filin daga. Ba ka cewa 'yan baka su ja da baya, ba ka cewa barade su zagayo ta hagu. Kai dai ka tura runduna, da zarar ta haɗu da ta abokan gaba sai kwamfuta ta ɗauki lissafi, kana kallo har a tashi. Saboda haka duk dabarar tana cikin irin mayaƙan da ka tara, da wanda ka zaɓa ka yaƙa, da wurin da ka yarda a gwabza, da kuma sanin abin da wasan ke ƙirgawa a matsayin nasara, wanda ba yawan gawarwaki ba ne.

Duba gida kafin a duba waje

Wasan yana buɗewa ne lokaci na tsaye, kuma kada ka yi gaggawar sakinsa. Dogon maɓallin tazara shi ke tsayar da lokaci ya kuma sake shi, kuma a lokacin yaƙi babu maɓallin da za ka fi taɓawa kamarsa. Ka danna F3 ka ga rundunarka, ka danna F4 ka ga 'yan majalisarka. A majalisa akwai kujerar mai kula da sha'anin yaƙi, wanda a fadar Hausa za a kira Madawaki, kuma wanda ya fi kowa makin sanin yaƙi shi ya dace da ita, ko da kuwa ba shi ne mafi kusa da zuciyar Magajiya ba. Kafin yaƙi a sa shi aikin tsara runduna ko horar da kwamandoji, bayan yaƙi kuma akwai wani aikin da ke jiransa, za mu zo kansa.

A saman allo akwai zinariya, kusa da ita akwai martaba. Daura tana farawa ne a tsarin mulkin da wasan ya ɗauka na ƙabila, kuma a wannan tsari martaba ita ce kuɗin yaƙi: da ita ake ɗaukar ƙwararrun mayaƙa, da ita ake biyan hujjar kai yaƙi, da ita ake kiran abokan ƙawance idan kai ne mai kai farmaki. Wanda ya saba wasa da sarakunan Faransa ko Ingila, inda zinariya ke yin kusan komai, yakan ɓarnatar da martabarsa a shekarun farko, sa'an nan ya rasa abin ɗaukar ko da rukuni ɗaya na 'yan baka. Idan kuma ka karkatar da rayuwar Magajiya ga fannin yaƙi, baiwar farko a reshen dabarun yaƙi tana rage rabin abin da ake biya wajen shelanta yaƙi, kuma ga mai niyyar yin ƙananan yaƙe-yaƙe da yawa babu abin da ya fi ta saurin mayar da riba.

Irin mayaƙan da za a tara

Runduna kashi uku ce. Akwai mayaƙan gayya, wato manoma da makiyayan da ake tarawa daga garuruwa idan an buga tambari. Akwai ƙwararrun mayaƙa na dindindin, waɗanda ake ɗauka rukuni-rukuni, yawanci mutum 100 a kowane mataki na rukuni. Akwai kuma jarumai, wato mutanen fada da hakimai masu suna, waɗanda kowannensu ke da makin jarumta. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan karin maganar ba ta cika aiki ba. A asalin lissafin wasan, ɗan gayya yana da ƙarfin sara 10 da juriya 10, ɗan baka kuwa ƙarfin harbinsa 25 ne tun kafin a ƙara masa albarkacin ƙasar da yake tsaye a kai ko ginin garin da aka girke shi. Jarumi guda mai makin jarumta sama da 15 yana yin ɓarnar da taron 'yan gayya ba za su yi ba. Amfanin 'yan gayya shi ne su cika fili, su sha saran da zai faɗa kan ƙwararru, su kuma zauna a bakin ganuwa lokacin ƙawanya.

Kowane irin ƙwararru yana da wanda yake karya wa lago. 'Yan baka suna danne dakaru marasa nauyi masu jifa da gudu; su kuma waɗannan dakarun suna wahalar da dakaru masu sulke; masu sulke suna murƙushe 'yan dogon mashi; 'yan mashi suna tsayar da dawakai; dawakai kuma su ne ajalin 'yan baka. Wannan dannewar tana tafiya ne da yawa: rukuni ɗaya na 'yan mashi ba zai hana rukuni huɗu na barade aiki ba, sai dai ya ɗan rage musu kaifi. Don haka kafin ka sayi komai, ka danna kan sarakunan da ke maƙwabtaka da kai, ka ɗora linzami kan adadin sojojinsu, wasan zai nuna maka irin rukunonin da kowanne ya ajiye.

A ganina, ga Daura abin da ya fi shi ne a fara da 'yan baka, domin suna da araha kuma sara gare su, sa'an nan a bi da barade marasa nauyi, saboda yawancin ƙasar da ke kewaye busasshiyar ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya inda doki ke samun ƙari, kuma su ne ke bin waɗanda suka karye suna kashewa bayan an tashi daga faɗa. Gara rukuni biyu cikakku da rukuni huɗu 'yan ƙanana na kowane iri, domin wanda ya warwatsa ƙarfinsa ba ya danne kowa sosai. Kada ka ɓata lokaci kana neman 'yan lifidi a shekarun farko. Sai al'umma ta ci gaba zuwa zamani na gaba ake samun dawakai masu nauyi, kuma ko a tarihin Kano sai zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka ambaci shigowar lifidi da sulke. Abin da ya fi cancanta a matsa wa masana al'umma su gano shi ne majaujawar rushe ganuwa, domin rukuni ɗaya nata yana rage watannin ƙawanya ƙwarai. Tun sabuntawar da aka yi wa wasan a 2023 kuma ana girke kowane rukuni a wani gari na sarki, kuma gine-ginen garin suna ƙara masa ƙarfi, saboda haka kada a bar rukuni ba mazauni.

Jarumai su ne inda ƙaramin sarki ke cin babban sarki. Ka bi jerin mutanen fada ka ga masu jarumta, ka aurar da matan fada ga baƙin maza masu ƙarfi ta irin auren da miji ke tarewa gidan mata, ka duba fursunonin da aka kamo ko akwai wanda ya cancanci a sake shi bisa sharaɗin ya shiga hidimarka. A shafin jarumai akwai inda ake tilasta wa mutum fita yaƙi ko a hana shi. Ka hana magajinka, ka hana Ma'aji da duk wani ɗan majalisa mai amfani wanda jarumtarsa ba ta taka kara ta karya ba, in ba haka ba za a dawo maka da gawarsa daga wani faɗan da bai kai ya kawo ba.

Hari kafin yaƙi

Mulkin ƙabila yana da damar da sarakunan manyan daulolin ba su da ita, wato kai hari ba tare da shelanta yaƙi ba. Ana tara runduna a matsayin mahara, a tura ta garuruwan maƙwabta waɗanda taswira ke nuna yawan ganimar da ke cikinsu, ta kwashe, ta dawo. Ganimar ba ta zama taka sai rundunar ta taka ƙasarka, a nan ne take komawa zinariya da martaba, kuma idan aka tare ta aka ci ta a hanya komai ya tafi hannun wanda ya ci ta. Ba a kai hari ga wanda ake ƙawance ko sulhu da shi, ba a kuma tara mahara ana tsakiyar yaƙi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da maƙwabci ya tafi wani yaƙin da rundunarsa. Hari biyu ko uku masu tsabta sun isa su biya rukunin 'yan baka na biyu, su kuma bar ɗan abin ajiya, wanda dole ne a samu, domin runduna ta fi cin kuɗi idan tana waje, kuma sarkin da ya faɗa bashi sojojinsa kan shiga faɗa da raunin rinjaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zaɓen wanda za a yaƙa

Ba a kai yaƙi sai da hujja. Ga mulkin ƙabila hujjar cin gunduma ɗaya da ke iyaka da kai a buɗe take, ana biyan ta ba tsada. Cin lardi guda, wato tarin gundumomi, yana buƙatar sunan sarki ya kai wani matsayi. Akwai kuma yaƙin tilasta wa wani sarki caffa shi da ƙasarsa baki ɗaya, wanda sau ɗaya ake yin sa a rayuwar kowane sarki. Wannan na ƙarshe kada a ɓarar da shi kan mai gunduma ɗaya, a ajiye shi sai an sami maƙwabci mai faɗin ƙasa wanda wani yaƙin ya raunana.

A shafin shelanta yaƙi wasan yana kwatanta ƙarfinka da na abokin gaba, amma kada ka tsaya ga wannan adadi kawai. Ka duba abokan ƙawancensa, ka duba zinariyar da ke hannunsa, domin mai zinariya yana iya ɗauko sojojin haya rana ɗaya, su kuwa kwangilarsu shekara 3 ce, ta isa ta juya yaƙi. Ka duba ko yaro ne a kan gado, ko hakimansa sun yi masa tawaye, ko yana can yana fama da wani. Irin wannan shi ne abincinka. Kanem da ke gabas wajen tafkin Chadi ta fi Daura ƙarfi a farkon wasa, kuma hanya mafi sauƙi ta kwana da ido biyu rufe ita ce a ƙulla aure da gida mai ƙarfi, domin auren 'ya'ya ko 'yan'uwan sarki shi ke haifar da ƙawance. Sai dai ƙawance bashi ne, ranar da suka kira ka ka ƙi zuwa martabarka ce za ta zube. Kuma kada a buɗe yaƙi biyu lokaci guda da runduna ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa.

Fita da tafiya

Kafin a shelanta, a matsar da tutar taruwar runduna zuwa garin da ya fi kusa da abin da ake nema, amma ba daidai bakin iyakar da abokan gaba za su faɗo mata tana tsakiyar haɗuwa ba, domin rundunar da ba ta gama taruwa ba tana shiga faɗa da rauni. A naɗa kwamanda mafi maki, a kuma duba halayensa, domin wani gwanin hamada ne, wani gwanin tsallake kogi, wani gwanin ƙawanya. Magajiya tana iya jan runduna da kanta, amma idan aka kama ta yaƙin ya ƙare nan take, don haka sai in babu wanda ya kusa da ita a maki.

Kowane gari yana da iyakar mutanen da yake iya ciyarwa. Idan runduna ta wuce wannan iyaka guzurinta yana raguwa wata-wata, idan ya ƙare mutane su fara mutuwa ba tare da an harba kibiya ko ɗaya ba. Arewa wajen hamada iyakar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Maganin shi ne a raba runduna biyu a garuruwan da ke manne da juna, yadda ɗaya za ta kai wa ɗaya ɗauki cikin 'yan kwanaki. Haka kuma kutsawa can cikin ƙasar abokan gaba, a tsallake gundumomin da ba a ci ba, yana cin wani kaso na runduna, kuma wasan yana nuna alamar ƙoƙon kai a kan hanyar tun kafin ka tabbatar da umarnin.

Wurin da za a gwabza

A nan ne yawancin yaƙe-yaƙe ke yankewa. A kowane faɗa akwai abin da ake kira rinjaye, wanda ke haɗa makin kwamanda, da yanayin ƙasa, da halin guzuri, da ƙuri'ar da ake jefawa lokaci-lokaci, kuma wanda ya fi rinjaye saransa yana ƙaruwa. Mai tsaron wuri yana samun ƙari a kan tudu, ƙarin ya fi yawa a kan duwatsu, kuma wanda ya tsallako kogi ya faɗa wa mutane ya ba su kyautar rinjaye da hannunsa. Ƙasa mai duwatsu ko kurmi kuma tana ƙuntata faɗin fili, ta yadda mai mutum 3,000 ba zai iya jefa su duka cikin faɗa lokaci guda ba, abin da ke taimakon mai ƙaramar runduna ta ƙwararru. Idan kai ne mai yawa ka nemi fili, idan kai ne mai kaɗan ka nemi tudu.

Akwai wata ƙa'ida da ta taɓa cinye mini runduna kafin in gane ta. Na zauna ina ƙawanya ga wani gari da ke kan tudu a kudancin ƙasata, na ga rundunar mai garin tana tahowa, na ce ai ni na riga su zuwa, ni ne mai tudu. Ashe idan faɗa ya auku a garin da ke da ganuwa, wanda garin ke hannunsa shi ake ɗauka mai tsaro, ko da shi ne ya iso daga baya. Suka sami albarkacin tudun, ni kuma guzurina ya riga ya yi ƙasa, aka kashe mini jarumai biyu, aka kama na uku wanda sai da na biya fansa. Tun daga ranar, idan rundunar abokin gaba tana nan da ƙarfinta, nakan fara neman ta a fili in karya ta, sa'an nan in zauna wa ganuwa.

Kama runduna mai gudu kuwa yana da dabara. Idan runduna ta wuce rabin hanya tsakanin gari da gari, tafiyarta tana kullewa, ba ta iya fasawa, kuma alamar kwaɗon kulle tana fitowa a kanta. Ka tsayar da lokaci, ka jira wannan alamar, sa'an nan ka ba da umarnin shiga garin da za ta sauka. Idan ka riga ta isa, kai ne mai tsaro. Idan kuma ka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba har ta karye a kwanakin farko na faɗa, lokacin da ba a yarda kowa ya janye ba, to an shafe ta gaba ɗaya, ba sauran wanda zai koma gida ya sake shiri. Kafin kowace haɗuwa wasan yana nuna hasashen yadda za ta kaya. Idan hasashen ya nuna kunnen doki, ka jira abokan ƙawance ko ka sauya wuri, domin faɗan da aka ci da ƙyar yakan bar mutum ba shi da ƙarfin ƙawanya.

Ƙawanya da makin yaƙi

A ƙasan allo akwai makin yaƙi, daga 100 a gefenka zuwa 100 a gefensu, kuma sai ya cika 100 kake iya tilasta buƙatarka. Abubuwa huɗu ke motsa shi: faɗan da aka ci, garuruwan da aka mamaye, riƙe ainihin ƙasar da aka fito nema, da manyan fursunoni. Makin da faɗa ke bayarwa yana da iyaka, saboda haka wanda ya ɓata shekara yana bin ragowar rundunar abokin gaba daga daji zuwa daji wahala kawai yake sha. Da zarar ka karya su sau ɗaya ko biyu, ka koma kan gundumar da ka shelanta yaƙi dominta. Idan ta shiga hannunka duka, maki yana ƙaruwa da kansa yayin da kwanaki ke wucewa. Idan kuwa lokaci ya ja ba ka riƙe komai a cikinta ba, shi mai tsaro ne makin zai riƙa taruwar wa, ko da bai ci ka ko sau ɗaya ba.

Ƙawanya ba ta farawa sai mutanenka sun fi masu gadin garin yawa, kuma tsawonta yana bin ƙarfin ganuwa. Ana cikin zama yunwa ko cuta ko gudun masu gadi kan afka wa garin, wani lokaci kuma majaujawa ta fasa katanga. Idan an sami ɓaraka ana iya ba da umarnin afkawa, abin da ke gaggauta ci amma yana cin rayuka kullum. Ban cika yin sa ba sai in wata runduna na tahowa ko kuɗi na gab da ƙarewa. Bayan ƙasar da ake nema, babban birnin abokin gaba shi ne na biyu, domin yana da ƙarin maki, kuma a nan ake kama iyalin sarki. Kama magajinsa yana ba da kaso mai tsoka, kama shi kansa kuwa yana cika makin nan take. Idan hakan ta faru kada ka karɓi fansarsa, kada ka sake shi, ka buɗe shafin yaƙi ka tilasta buƙatarka tun lokaci na tsaye.

Kada kuma ka manta da bayanka. Rundunar da ka kora takan zagaya ta zauna wa Daura, kuma idan ta ci birnin tana iya kwashe 'ya'yan Magajiya. Idan ƙawanyarka ta fi tasu kusa da ƙarewa, ka ƙarasa sa'an nan ka juyo. Idan tasu ce a gaba, ka taso, ka tuna cewa a bakin ganuwarka kai ne mai tsaro.

Wani lokaci lissafi yakan ƙi. Abokin gaba ya ɗauko sojojin haya, ko wani babban sarki ya shigo masa. A nan sulhun kowa ya koma gidansa ya fi, domin asararsa kaɗan ce idan aka gwada da miƙa wuya, kuma ya fi sauƙin samu tun makin bai nutse ba. Jan yaƙin kai farmaki ma yana da nasa farashin, don bayan 'yan watanni hakimai da talakawa sukan fara gunaguni.

Bayan an ci

Ranar da aka gama a sallami runduna, kuɗinta ya daina zuba. Tsakaninka da wanda ka ci akwai sulhun shekara 5, kuma karya shi yana zubar da martaba da mutunci a idon kowa, saboda haka sai a juya ga wani maƙwabcin. Sabuwar gunduma tana zuwa ne da ƙarancin biyayya, ba ta ba da haraji ko 'yan gayya yadda ya kamata, kuma aikin da ke jiran Madawaki ke nan: a tura shi ya zauna can har doka ta kafu. Idan gundumomin hannunka sun wuce adadin da sarki ke iya riƙewa, ka naɗa jarumanka masu biyayya a kan ragowar.

Abu na ƙarshe da ke warware nasarar mutane da yawa shi ne gado. A dokar da Daura ke farawa da ita ana raba ƙasa tsakanin magada, har ma wasan yakan ƙirƙiro wa ƙanana sarauta daidai da ta babba idan ƙasar da aka ci ta isa hakan. Ma'ana, idan Magajiya ta rasu tana da ƙasar lardi biyu amma ba ta kai ga sarautar da ke sama da lardi ba, gidan zai tsage biyu, kuma yaƙin farko na magajinta da ɗan'uwansa zai yi shi. Don haka a jera yaƙe-yaƙen cikin iyakar masarautar ƙasar Hausa kamar yadda taswirar sarautu ta zana ta, a tattara fiye da rabin gundumominta da larduna biyu, a ajiye abin da za a biya a naɗa sarautar tun Magajiya na da rai, kuma kada a zurfafa cikin ƙasar wata masarautar kafin nan. Shafin gado yana nuna abin da kowane magaji zai samu idan aka rasu yau, kuma ya kamata a leƙa shi kafin kowace shelar yaƙi da zarar Magajiya ta haura shekara 50.